Ƙannena masu son shiga horon hafsan soja a jami'a, ku tsaya mu yi magana

Assalamu alaikum. Wannan maganar da ku nake, yaranmu da ke karatu a Amurka ko waɗanda suka gama sakandare suna neman jami'a, musamman masu zuwa suna ce min yaya naji ance in ka shiga ROTC gwamnati zata biya maka kuɗin makaranta. Eh gaskiya ne tana biya. Amma wallahi duk lokacin da naji yaro ya fara da maganar kuɗin kafin ya ambaci aikin sojan kansa sai gabana ya faɗi, dan na san bai gane abinda zai sa hannu a kai ba.

Ga wanda bai sani ba, ROTC shiri ne na horar da hafsoshin soja a cikin jami'o'in farar hula. Ba irin West Point bane, makarantar horon hafsoshin sojan ƙasa ta Amurka, da zaka tare a bariki shekara huɗu kana kwana da kaki kana tashi da kaki. Nan kana nan ɗalibi kamar kowa, kana zuwa lakcarka ta injiniya ko lissafi ko duk abinda kake karanta, sai dai an ƙara maka darasin soja a kai, da motsa jiki da asuba wajen sau uku a sati, da fita daji wani ƙarshen mako a samista. Ranar da ka karɓi digiri kuma a maƙala maka muƙamin ƙaramin laftanar. Tsohon tsari ne, dokar tsaron ƙasa ta 1916 ce ta kafa shi, kuma akwai na sojan ƙasa, akwai na ruwa, akwai na sama. Colin Powell ta nan ya bi, ɗan baƙin da suka yi ƙaura daga Jamaika, ya gama City College a Niyok a 1958, ya hau har ya zama shugaban hafsoshin tsaron Amurka gaba ɗaya a 1989. Dan haka kar wani yace ina kushe hanyar, hanya ce mai kyau ga wanda ya san me yake yi.

Toh amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Sikolashif ɗin yana biyan kuɗin makaranta, a baka kuɗin littattafai, a baka alawus duk wata, a sojan ƙasa wajen dala 420. Me zaka biya da shi? Shekarunka. Alƙawarin gaba ɗaya shekara takwas ne, a sojan ƙasa yawanci huɗu kana bakin aiki dare da rana sauran huɗun kana cikin sojojin ko-ta-kwana, a sojan ruwa biyar ne a bakin aiki, wanda kuma ya zama matuƙin jirgi a sojan sama shekara goma zai yi, kuma lissafin baya farawa sai ya gama koyon tuƙin. Ka zauna ka lissafa da kanka. Ka gama jami'a kana da shekara 22, daga nan har wajen 26 ko fiye, muddin kana bakin aiki, ba kai ke cewa ga garin da zan zauna ba, ba kai ke cewa bana zan je gida in ga Hajiya ba, in aka ce tashi sai tashi. Maganar aure ma sai ka sa wannan a lissafi, dan yarinyar da zaka ɗauko ita ma ta shiga aikin ko bata sa hannu a takarda ba.

Abinda yafi damuna shine yadda yara basa karanta kwantiragin. Na san wani yaro, mai hankali ne wallahi ba shashasha ba, ya shiga ne dan ya sauke wa mahaifinsa nauyi, niyyarsa mai kyau ce. Ya kai shekara ta uku karatun ya masa yawa, sakamakonsa ya faɗi, zuciyarsa kuma dama can bata wajen, aka cire shi daga shirin. Sai a lokacin ya gane abinda ke rubuce a takardar tun ranar farko, cewa wanda ya fita bayan alƙawari ya hau kansa, ko dai ya maido da kuɗin da aka kashe masa ko a tura shi aikin soja a matsayin kurtu, kuma ba lallai shi zai zaɓa ba. Nauyin da ya so sauke wa babansa sai ya dawo ya ninka. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, dan da wani babba ya zaunar da shi na awa ɗaya da ba haka ba.

Kuma tsarin kansa ya bar maka ƙofa, mutane ne basa amfani da ita. In baka karɓi sikolashif ba, zaka iya ɗaukar darasin shekara biyun farko ba tare da wani alƙawari a wuyanka ba, sai zaka shiga shekara ta uku ake sa hannu. Wanda ma ya samu na shekara huɗu tun daga sakandare, yana da damar janyewa a ƙarshen shekarar farko, amma da zarar ya taka shekara ta biyu shikenan an ɗaure. Toh ka yi amfani da wannan lokacin ka gwada kanka tsakaninka da Allah. Kana iya tashi ƙarfe biyar cikin sanyi bayan ka kwana kana karatun jarabawa? Kana iya jin umarni daga wanda ka girma ko kake ganin ka fi shi sani ka ce masa to? In kaga abin ba naka bane ka fita da mutuncinka, ba abin kunya bane ko kaɗan. In ma daga baya sha'awar ta dawo akwai kwas ɗin hafsoshi na masu digiri, a sojan ƙasa sati 12 ne.

Sai masu biza ta ɗalibi da masu girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka, ku ji da kyau: ba a zama hafsa a sojan Amurka sai ɗan ƙasa. Mai girin kad yana iya shiga a matsayin kurtu, amma sikolashif da sa hannu a wannan shirin sai da takardar zama ɗan ƙasa, mai fasfo biyu kuma za a tambaye shi a kai lokacin binciken tsaro. Akwai gwajin lafiya mai tsanani, kuma dan Allah kar ka ɓoye ciwo, asma ce ko tsohon karaya ko ciwon ido ka faɗa, wani abun ana yafewa in ka bayyana, amma in aka kama ka da ƙarya magana ta ƙare. Jiki kuma ba a fafe gora ranar tafiya, akwai gudun mil biyu a gwajin sojan ƙasa, ka fara tun yanzu. Tsakanin shekara ta uku da ta huɗu za a kai ku masu shirin sojan ƙasa barikin Fort Knox a jihar Kentaki, sama da wata guda a daji cikin zafi ana auna ku. Kar kuma ka ce ai ni soja zan zama ka saki karatu, makinka na aji yana cikin abinda ake dubawa wajen raba ku sassa, wanda yayi wasa da boko yana ji yana gani za a tura shi inda baya so.

Yanzu ga abinda nafi so ku riƙe. Laftanar ɗin nan da kake sha'awar hotonsa, satin da ya isa bataliyarsa za a damƙa masa mutum talatin ko arba'in, 'ya'yan wasu, mazajen wasu, wasu sun haife shi ma. Sajen da ke ƙarƙashinsa ya yi shekara goma ko fiye a aikin, shi kuma jiya ya bar aji. In yaron nan ya zo da girman kai bazai koyi komai ba, in ya zo dan albashi kawai mutanensa zasu gane cikin sati biyu. Amana ce ta rayuka, kuma wanda ya yi rantsuwar nan baya zaɓen yaƙin da za a tura shi. Waɗanda suka sa hannu a 2000 lokacin ana zaman lafiya, da yawansu Afganistan da Iraƙi suka tsinci kansu, na Afganistan ɗin bai ƙare ba sai 2021. Ka tambayi zuciyarka tun yanzu, in aka tura ka inda ranka bai kwanta ba yaya zaka yi? Ba ni zan amsa maka ba, amma kar ka bari sai kana cikin jirgi sannan tambayar ta fara zuwa maka.

Kuma kar ka yi shi a ɓoye. Na ga masu cike takarda sai an gama komai sannan su faɗa wa iyaye, wannan ba daidai bane, uwar da zata kwana tana addu'a duk ranar da aka tura ka tana da haƙƙin sani tun farko. Ka yi istihara, ka nemi wanda ya yi aikin ya fito, ba mai ɗaukar mutane aikin soja kaɗai ba, ka tambaye shi yadda ya yi da sallah da azumi a lokacin horo, akwai limaman Musulmi a rundunar tun 1993 amma basu da yawa kuma ba ko'ina zaka same su ba. Sannan ka ce a baka kwafin kwantiragin ka tafi da shi gida, ka karanta shi layi layi tare da Baba ko wani yayanka, musamman shafin da ke maganar abinda zai faru in an cire ka.