Mun koma gas amma har yanzu da halin gawayi muke girki

Yanzu a Zariya, daga Samaru zuwa Tudun Wada har cikin birni, da wuya ka shiga gida baka ga tukunyar gas ba, ko da ƴar ƙaramar nan ce mai kilo 3 ko 6. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, gawayi ma kullum ƙara kuɗi yake, toh dole aka koma gas, kuma ni ban ga laifin hakan ba tunda ya raba iyayenmu mata da hayaƙi. Abinda ke damuna shine murhu kawai muka canza, sakacin yana nan yadda yake.

Gawayi in ka yi wasa da shi kana ganin wutar da idonka. Gas kuwa ya fi iska nauyi, in yana yoyo ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya ya shige ƙarƙashin gado da bayan kwanuka ya taru, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Asalinsa ma bashi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hancinka ya sanar da kai akwai matsala, amma sai kaji mutum yace ai dama haka gas yake wari. Wlh ba haka yake ba. In kaji warin a rufe regulato, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara, kar a ƙyasta ashana kuma kar a taɓa makunnin lantarki, kunnawa ko kashewa. Mai neman inda yake yoyo ruwan omo zai shafa a bakin tukunyar da jikin tiyo, inda kumfa ke tashi nan ne.

In tsautsayi ya faru uwargida ake fara zargi, wai ta manta bata kashe ba. Toh waye ya sayo tsohuwar tukunyar da aka yi wa sabon fenti? Maigida ne. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki shekara 15 ta yanke wa tukunyar gas tayi aiki, kuma shekarar da aka ƙera ta na rubuce a jikinta, mu nawa ne muka taɓa dubawa? Waye ke tsayawa kan mai gas yana cewa cika min ita taf? Ƙa'ida kar a wuce kashi 80 cikin 100, saboda gas ɗin ruwa-ruwa yake cikin tukunya kuma zafi na sa shi kumbura, ka tuna irin ranar da ake ƙwallawa a Zariya watan Maris da Afrilu sannan a bar tukunya cike a tsakar gida. Tiyo kuma sai ya tsattsage a naɗe shi da leda da roba, alhali kuɗin sabo bai kai na cefanen kwana biyu ba.

Sai shagunan da ake juye gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a tsakiyar unguwa, ga mai shayi nan ga mai walda can. Ranar 4 ga Janairun 2020 irin wannan shagon ya fashe a Sabon Tasha dake Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, ba gas yaje saye ba, yana shagon aski ne a kusa. Sa ido kan wannan sana'a aikin NMDPRA ne, hukumar dake kula da harkar sarrafawa da sayar da man fetur da gas, amma mai unguwa da maƙwabta ma suna da ta cewa tun kafin a kafa shagon, bawai sai an yi jana'iza ba.

Waɗanda suka fi bani tsoro ɗaliban ABU ne masu haya a Samaru da Kongo, ɗaki ɗaya nan katifa nan tukunyar gas. Da hunturu ya shigo a Disamba sai a toshe taga ana dafa indomi, wani ma ya bar wutar a kunne wai ɗaki yayi ɗumi. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, in ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunya to bata ci daidai, tana iya fitar da iska mai guba wadda bata da wari sam, ciwon kai da jiri take farawa da su. Masu gidajen hayar nan dake ƙara kuɗi duk shekara, dan Allah ku ware ƴar rumfa mai iska a waje inda yaran nan zasu riƙa girki, kuma a rubuta cikin takardar haya cewa tukunyar gas bata kwana a ɗaki.