Wuta ta kama ba shi ne gyara ba

Ƙannena masu gyaran na'urorin asibiti, da ku da ke karatun wannan fanni, yau da ku nake, kuma raina a ɓace yake. A makon nan aka fito da wata na'urar tace oksijin daga ɗakin jarirai bayan ta yi makonni tana aiki a kansu. Da aka sa mata ma'auni, ko rabin abin da ya kamata ba ta bayarwa. Da aka buɗe ta, sai ga wayar ƙararrawarta a yanke, an naɗe bakin da salatef. Wanda ya taɓa ta a baya ya canza kafasita, wato abin da ke taimaka wa injin tashi, ya ji injin ya tashi, ya ga ƙwallon awon iska ya hau, ruwa na ɓulɓula a kwalba, ya ce ta yi. Ƙarar da ta dame shi kuma ya kashe bakinta.

Wannan "ta yi" ɗin ita ce damuwata. Ta yi da me? Wa ya auna?

Kun fi kowa sanin yadda na'urar nan take. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, 78 naitirojin. Kwamfuresa na tura ta cikin gwangwani biyu masu cike da ƙwayoyin ziyolait, wani ma'adini mai kama naitirojin, ɗaya na riƙe naitirojin yayin da ɗayan ke fitar da wanda ya tara, suna karɓa-karɓa. Lafiyayyar na'ura tana ba da kashi 90 zuwa 96, ƙararrawa kuma tana kukan neman agaji in abin ya faɗi ƙasa da 82. To danshi ya kashe ziyolait, ko bawul ya maƙale, ko wani tiyo na ciki ya tsage: a duk waɗannan injin zai ci gaba da ruri, ƙwallon zai hau, ruwa zai ɓulɓula. Idonka da kunnenka ba su da hanyar gane bambanci. Kallon kitse ake wa rogo, jaririn da ke kwance kuma iskar ɗaki ake hura masa a hanci. Abin da zai gaya maka gaskiya ma'aunin oksijin ne: ka fara gwada shi a iskar ɗaki ka ga kashi 20.9, ka bar na'urar ta yi mintuna tana aiki, sannan ka auna a ƙarshen ƙarfinta, lita 5 a minti in mai lita 5 ce. Aikin minti goma sha biyar ne. Shi ne ake ƙyashi.

Haka abin yake ko'ina aka duba. Famfon ƙarin ruwa ya dawo ɗakin majinyata don allonsa ya haska, ba wanda ya sa shi ya zuba ruwa a kan sikeli na awa guda, alhali mililita ɗaya ta ruwa giram ɗaya ce, kuma kuskuren da aka saba yarda da shi bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. In maganin da ke ciki insulin ne ko na ɗaga hawan jini fa? Na'urar farfaɗo da zuciya ta nuna jul 200 a allo, wato ƙarfin wutar da za ta buga wa zuciya, amma ba a sauke ta a kan magwaji mai om 50 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta) an ga abin da ya fito ba, batir ɗin kuma ya kumbura tun bara. Ranar da za a neme ta, zuciyar mutum ta riga ta rikice, ba lokacin neman wata. Tukunyar turara kayan tiyata allurarta ta kai digiri 121, sai a ce shi ke nan, ba a sa takardar gwaji a tsakiyar ƙunshin ba, alhali in iska ta maƙale a ciki tururi bai taɓa kayan ba. Ma'aunin hawan jini da ya kauce fiye da maki 3 a awonsa yana iya sa a ɗora lafiyayye a kan magani. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kada ma a zo maganar fis. Fis ya ƙone, maimakon a tambayi abin da ya ƙona shi sai a ɗaura zaren waya a gurbinsa. Filogi bai shiga soket ba, sai a karya ƙafar wayar ƙasa. Wannan ƙafar ita ce hanyar da wutar da ta ɓalle za ta bi ta bar jikin majinyaci. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 62353 domin gwajin bayan gyara aka rubuta ta, ta ce turjiyar wayar ƙasa tare da igiyar wuta kada ta wuce om 0.3. Kayan da ke kaiwa ga zuciya kai tsaye, wutar da aka yarda ta zurara ta cikinsu maikiro'amfa 10 ce, 'yar ƙanƙanuwar wutar da fatarka ba za ta ko ji ba. Ka taɓa ƙarfen da bayan hannu ka ce ba ya ja, wannan ba gwaji ba ne.

Masu yanke ƙararrawa, ku tuna Therac-25. Tsakanin 1985 da 1987, a Amurka da Kanada, wannan na'urar gashin ciwon daji ta zabga wa mutum shida hasken gashi fiye da ƙima, wasu suka mutu. An cire makullan kariya na ƙarfe da waya da ke cikin wadda ta gabace ta, an dogara da manhaja kaɗai, masu aiki da ita kuma sun saba ganin saƙon kuskure har sun koyi danna maɓalli su wuce. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan sana'a wanda ya ja ruwan yana gida yana barci, bakwainin da ke cikin kwalba shi ake doka.

Na san uzurin: babu ma'auni, babu kayan canji, likita na tsaye a kanka yana cewa a yi sauri. Gaskiya ne, kuma masu sayo na'ura ba tare da kuɗin kula da ita ba su ma suna da nasu alhakin. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka rubuta a jikinta cewa ba a gwada ba, ka faɗa wa nas da bakinka. Abin da ke ƙona min rai shi ne wanda ya ce babu lokacin gwaji yana da lokacin ɗaukar hoto da farar riga a gaban na'urar da bai buɗe littafinta ba. Wani kuma ya kwashe kayan cikin na'ura uku don ya tayar da ɗaya, bai rubuta komai ba, wanda zai zo bayansa ya yi ta lalube.

Magabatanmu a wannan aiki ba su da rabin kayan da kuke da su. Mita mai allura ce, da littafi mai baƙin bango. Amma kowace na'ura tana da shafinta: ranar da aka buɗe ta, abin da aka canza, lambar da awo ya nuna, da sa hannu. Maigida ba ya barin yaronsa ya ɗaura murfi sai ya karanta masa lambar da ƙarfi. Mutum yana jin kunyar a dawo masa da aikinsa. Yanzu shafukan nan fari fat suke, takardar da ke manne a jikin na'ura ta kwana biyu da wuce wa'adinta, an kuma daina tambayar wanda ya manna ta.