Sudan: Allah wadai ba ya tsayar da jirgin makamai

A watan Yunin 2024 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2736, inda ya nemi dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnatin Sudan, su ɗage ƙawanyar da suka yi wa El Fasher da ke yankin Darfur. Ƙasashe 14 suka amince, Rasha ta ƙaurace. RSF ba ta matsa ko taku ɗaya ba, har ta ƙwace garin a ƙarshen Oktoban 2025. Ƙudurin bai tanadi hukunci ga wanda ya ƙi bi ba, kuma kowa a zauren ya san haka tun kafin a ɗaga hannu.

Duk hukumar da ke nuna damuwa kan Sudan akwai inda aka ɗaure mata hannu. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Geneva ta kafa tawagar bincike a Oktoban 2023, da ƙyar ma, ƙuri'a 19 da 16. Alƙali Mohamed Chande Othman na Tanzaniya ke jagoranta, kuma Farfesa Joy Ezeilo ta Najeriya na ciki. Gwamnatin Sudan ta hana su shiga, sai suka bi 'yan gudun hijira Chadi da Kenya da Uganda suna ɗaukar shaida. A Satumban 2024 suka ba da shawarar a tura rundunar kare fararen hula, gwamnati ta yi fatali da shawarar. Ikon hukumar ya ƙare a rubuta rahoto. Watanni biyu bayan haka Birtaniya da Saliyo suka kai ƙudurin neman tsagaita wuta Kwamitin Sulhu, Rasha ta hau kujerar naƙi.

Babban giɓin yana wurin makamai, kuma nan ne aka fi kau da kai. Takunkumin ƙuduri na 1591, na shekarar 2005, Darfur kaɗai ya shafa. Makami zai sauka a Port Sudan ba a karya doka ba, sai in an tabbatar an wuce da shi Darfur. Wa zai tabbatar? Ƙwararrun Majalisar sun rubuta a farkon 2024 cewa zargin da ake wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta filin jirgin Amdjarass na Chadi abin yarda ne. Daular ta musanta. Kwamitin takunkumi kuwa ba ya sa sunan kowa a jerin waɗanda za a hukunta sai duka ƙasashe 15 sun yarda, don haka ƙasa ɗaya ta isa ta binne magana. Sudan ta kai ƙarar Daular gaban Kotun Duniya kan zargin taimaka wa kisan ƙare dangi, a Mayun 2025 kotun ta ce ba ta da hurumi, domin Daular ta keɓe kanta daga sashe na 9 na yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi. Ko shaida ba a kai ga aunawa ba.

Kotun ICC mai hukunta manyan laifuka ma Darfur ce iyakarta. Abin da aka yi a Khartoum da Jazira da Sennar, inda Hausawan Sudan ke da yawa, ba ya hannunta. Ta samu Ali Kushayb, wani jagoran mayaƙan Janjaweed, da laifi a 2025, kan ta'asar 2003 da 2004, shi ma don ya miƙa kansa ne. Omar al-Bashir tun 2009 ake nemansa.

An ce gwano ba ya jin warin jikinsa: wasu daga cikin masu zaman sulhun su ne ake zargi da ciyar da yaƙin. Jakadan da ke so a ɗauki damuwarsa da gaske, aikinsa a fili yake. Ya nemi a faɗaɗa takunkumin makamai zuwa Sudan baki ɗaya, ya ambaci sunan ƙasar da jiragen ke tashi, ƙasarsa kuma ta hana matatunta sayen zinariyar Sudan da ba a san ramin da aka haƙo ta ba. Wannan na ƙarshen ba ya jiran ƙuri'ar kowa a New York, gwamnati ɗaya za ta iya sa hannu a kansa gobe.