Jirgin U-2 da taron Paris: ƙaryar da ta fi leƙen asirin ɓarna

A safiyar 1 ga Mayun 1960, ranar da ake faretin ma'aikata a Mosko, wani jirgin Amurka samfurin U-2 ya tashi daga Peshawar ta Pakistan da niyyar ratsa sararin Tarayyar Sobiyet ya sauka a Bodo ta ƙasar Norway. Matuƙinsa Francis Gary Powers ma'aikacin hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ne, aikinsa kuwa ɗaukar hotunan sansanonin makamai daga nisan ƙafa kusan 70,000. Bai kai ba. Makami mai linzami ya kakkaɓo shi a kusa da Sverdlovsk, ya diro da laima, aka kama shi da ransa. Saura kwana 15 shugabannin Amurka, Sobiyet, Ingila da Faransa su zauna a Paris.

An saba cewa leƙen asiri ne ya rusa wannan taro. Ni ban gamsu da haka ba. Tun watan Yulin 1956 jiragen U-2 suke shawagi a kan Sobiyet, kuma shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ya sani sarai, don na'urorinsu na hango jiragen, harbo su ne ya gagara. Da saninsa ya je Amurka a Satumbar 1959, ya zauna da shugaban Amurka Dwight Eisenhower a Camp David, har ya gayyace shi Mosko. Ashe dai ana iya leƙen juna ana kuma gaisawa. Abin da ya ɓata lamarin shi ne yadda kowane ɓangare ya yi da maganar bayan ta fito fili.

Khrushchev ya ɗana tarko. Ran 5 ga Mayu ya sanar da cewa an harbo jirgin Amurka, bai ce uffan kan matuƙi ba. Mahukuntan Washington sun ɗauka Powers ya mutu, jirgin kuma ya ragargaje, sai suka sa hukumar NASA ta ce ai jirgin binciken yanayi ne da ya ɓace bayan matuƙinsa ya samu matsalar iskar shaƙa a sararin Turkiyya. Bayan kwana biyu Khrushchev ya fito ya ce matuƙi na hannu, ga kyamara, ga hotunan da aka wanke. Aka baje tarkacen jirgin a lambun Gorky jama'a na layi suna kallo, har da allurar gubar da aka samu a jikin Powers. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a gaban idon duniya aka ƙure shi.

A nan ne nake ganin laifin ya rabu gida biyu. Eisenhower ya yi kuskure babba da ya amince a tura jirgi ana dab da taron da shi kansa ya sa wa rai, ya kuma bari aka shara ƙaryar da ba a tabbatar za ta tsaya ba. Khrushchev ya bar masa ƙofar fita, ya nuna cewa mai yiwuwa shugaban bai san da tashin jirgin ba. Karɓar wannan uzuri na nufin Eisenhower ya yarda cewa ba shi ke riƙe da gwamnatinsa ba, don haka ran 11 ga Mayu ya ɗauki alhakin, ya ce tattara irin waɗannan bayanai dole ne. Ina ganin girmansa a nan, amma maganar ta bar Khrushchev tsirara a gaban masu tsattsauran ra'ayi na gida da kuma China, waɗanda dama suke zarginsa da sakin jiki da Amurka. Shi ma da ya so zaman lafiya fiye da cin fuskar abokin gaba, da ya aika da ƙorafinsa ta hannun jakadu.

Ran 16 ga Mayu a Paris, Khrushchev ya nemi a ba shi haƙuri a kuma hukunta masu hannu. Eisenhower ya ce an dakatar da shawagin, haƙuri kuwa bai bayar ba. Shugaban Faransa Charles de Gaulle da firaministan Ingila Harold Macmillan suna zaune taron ya watse, aka janye gayyatar zuwa Mosko. Batun makomar Berlin, birnin Jamus da aka raba tsakanin Sobiyet da ƙasashen Yamma, da na hana gwajin nukiliya suka koma jiran tsammani. Bayan kwana goma jakadan Amurka Henry Cabot Lodge ya kai wani tambarin katako gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, kyautar da Sobiyet ta ba jakadan Amurka a Mosko a 1945, ya buɗe ya nuna na'urar sauraren da aka ɓoye a ciki. Kowa dai da irin nasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hotunan U-2 sun nuna wa Eisenhower cewa Sobiyet ba ta da tarin makamai masu linzamin da ake ta kururutawa, wannan ya taimaka masa ya ƙi biye wa masu neman a ƙara zuba kuɗi a makamai. Aikin da ya rage tsoro a ɓoye, shi ya ƙara ƙiyayya da ya fito fili. Powers ya samu hukuncin shekara 10, amma ran 10 ga Fabrairun 1962 aka yi musayarsa da ɗan leƙen asirin Sobiyet Rudolf Abel a kan gadar Glienicke da ke bakin Berlin. Kafin nan an riga an gina katangar Berlin a Agustan 1961.

A Fabrairun 2023 da aka hango balan-balan ɗin China a sararin Amurka, Beijing ta ce na binciken yanayi ne iska ta kora shi, uzurin da Washington ta kawo shekara 63 kafin nan. Aka harbo shi ran 4 ga wata a gaɓar South Carolina, sakataren harkokin waje Antony Blinken ya ɗage tafiyarsa, bai taka Beijing ba sai watan Yuni.