Sifili ɗaya ya hana mutum 41 taki

Tun ranar Litinin raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman rani a Dadin Kowa, mu 186. Aka ce mu kawo jerin sunaye cikin Excel, manhajar kwamfuta ta jera bayanai da lissafi, domin rancen taki, suna a gidansa, lambar waya a nata, lambar asusun banki a nata. Sati biyu na yi ina bin mutane har bakin fadama ina rubutawa a waya, kowa da layinsa, waƙafi na raba suna da lambobi. Na hau mota na shigo Gombe, na kai wani shagon kwamfuta a raba min su gida-gida.

Yaron da ke kan kwamfutar ko abin jin kiɗan da ke kunnensa bai cire ba. Ya danna, ya danna, minti biyu ya ce, "Baba, an gama." Na biya 3,000 na kai.

Bayan kwana takwas aka dawo min da takarda, an ja wa mutum 41 jan biro. Wai asusunsu bai cika ba. Lambar asusu a Najeriya guda 10 ce, nasu 9 suka fito, wasu ma 8. Na duba lambobin waya, masu guda 11 duk sun koma 10, daga sama har ƙasa!

Ɗan ƙanwata ne ya nuna min dalili a daren nan. Excel idan ya ga adadi, lissafi yake ɗaukarsa, sai ya zubar da sifilin da ke gaba. Amma wurin raba rubutu gida-gida, da ke ƙarƙashin sashen Data a cikin Excel, mataki uku ne. Na biyu kake zaɓar waƙafi, na uku kuma kake gaya masa wannan gidan rubutu ne, ya bar shi yadda yake. Yaron daga na biyu ya rufe. Wannan fa shi ne abincinsa kullum, wanda yake karɓar kuɗin mutane a kai. In bai iya ba, me zai hana ya ce bai iya ba? In ya iya, ɗaga ido ya dubi layi ɗaya zai gagare shi? Duk lambar wayar ƙasar nan da sifili take farawa, har tasa da ke aljihunsa.

Na koma wurin mai shagon. Ko haƙuri bai ba ni ba. "Malam, ai kwamfuta ce ta yi," in ji shi, kuma wai gyara sai na sake biya. Wallahi sai da na ji jikina na rawa.

Mun gyara a gida mun mayar, aka ce rukunin farko ya wuce, sai na biyu, ba rana. Shinkafa kuwa ba ta san jira ba, ganye ya fara ja. Jiya bayan Asuba wani dattijo da ya isa ya haife ni ya tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna ya ce, "Sakatare, ni laifin me na yi aka cire ni?"