Hular Yaya da darar Baffa a zamanin na'ura mai koyo

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ƙanena da ke karatu a Dutse ya miƙo min wayarsa ya ce, "Duba ka gani." Hotunan huluna ne, sun kai ashirin, kowacce da kalar zarenta. Na ɗauka daga wani shago aka ɗauko su. Ashe babu ko ɗaya da allura ta taɓa, na'ura ce ta zana su. Da muka shiga gida na nuna wa babbar yayarmu, wadda ta fi shekara ashirin tana ɗinkin hula, sai ta yi shiru, ta ɗora yatsa a gefen hoto na uku ta ce, "Wannan lanƙwasar tawa ce. Inna ce ta koya min ita."

Ba ta yi kuskure ba. Wani ɗan kasuwa da ke zuwa sarin huluna a ƙauyenmu, nan kusa da Ringim, shi ne ya ɗauki hotunan aikinta ya zuba a wata manhaja, ya ce ta fitar masa da irinsu. Yanzu yana kai wa masu keken surfani a birni su buga masa. Bai yi mata sallama a kan maganar ba, balle a kai ga na goro. Ita kuwa hula ɗaya takan ci mata makonni: ta zana da biro a kan farin yadi, ta zauna a tabarma bayan ta sauke tukunya, ta bi layi ɗaya bayan ɗaya har idonta ya fara yaji.

Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na ce bari in fito in faɗi ra'ayina.

Wannan abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira ba tsafi ba ne, kuma ba aljani a ciki. Koyo ne ta hanyar yawan gani. Ana ɗauko hoto a riƙa lulluɓe shi da ɗigo-ɗigo, kamar yadda hazon hunturu ke rufe gari har ka daina ganin kukar bakin hanya, sannan a sa na'ura ta koyi yaye hazon ta dawo da hoton. Idan ta yi haka sau miliyoyi, sai ta kai matsayin da za a ba ta hazo tsantsa tare da 'yan kalmomi, ta fito da hoton da bai taɓa wanzuwa ba. Manhajar Stable Diffusion da ta fito a 2022 an horar da ita ne da hotunan da aka tsamo daga wani rumbu mai suna LAION, wanda ya tara hotuna sama da biliyan 5 daga intanet. Masu waɗannan hotuna, da masu zane da masu ɗaukar hoto, ba a bi su gida-gida an nemi izininsu ba. Shi ya sa a 2023 kamfanin Getty Images mai sayar da hotuna ya maka masu manhajar a kotu, wasu masu zane a Amurka ma suka shigar da tasu ƙarar. Kun ga kukan da Yaya ke yi a tsakar gidanmu shi ne dai ake yi a can, bambancin kawai su suna da lauyoyi.

Kada wani ya ce ni maƙiyin ci gaba ne. Akwai wurin da wannan fasaha ta burge ni ƙwarai, kuma a fagen wasa ne.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san dara. Baffanmu ba ya fashin ta bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gida: gurbi 30 a ƙasa, wannan da karare 12, wancan da tsakuwa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. A ƙasashen Sin da Japan da Koriya suna da nasu wasan mai suna Go, wanda ake yi a kan allo mai mahaɗa 361, kuma an daɗe ana cewa ya fi ƙarfin kwamfuta. A watan Maris na 2016, a birnin Seoul, wata na'ura mai suna AlphaGo ta kamfanin DeepMind ta kara da gwanin wasan, Lee Sedol, ta cinye shi 4 da 1. A karawa ta biyu ta ajiye wani ɗa, na 37, a gurbin da masana suka fara ɗauka kuskure ne, sai can gaba aka gane shi ne ya juya wasan. A 2017 aka fito da wata, AlphaGo Zero, wadda ba a nuna mata wasan ɗan adam ko ɗaya ba. Ƙa'ida kawai aka ba ta, ta yi ta karawa da kanta, cikin kwana 3 ta lallasa ta farkon 100 da nema.

Abin da ya sa wannan ya kwanta min shi ne, a fili aka yi komai. Mutumin ya san da wa yake karawa, ya amince, duniya tana kallo. Bayan nan 'yan wasan Go suka koma suna nazarin dabarun na'urar suna ƙaruwa da su. Ba na ɓoye cewa akwai ɗaci a ciki: Lee Sedol ya ajiye wasan a 2019, ya ce an samu abin da ba a iya kayarwa. Na ba Baffa wannan labari, ya tsaya da kara a hannu ya ce, "To, a kawo ta nan mu gani. In ta fi ni, in koya a wurinta." Wannan amsar ta zauna min a rai.

A al'adarmu koyo bai taɓa zama laifi ba. Yaro yakan zauna a gaban maƙeri ko baduku shekara da shekaru yana kwaikwayon hannunsa. Amma uban yaron ne ke kai shi ya ce, "Ga amana." Yaron yana share shago, yana zuwa aike, idan an yaye shi kuma duk inda ya shiga zai ce, "Ni yaron wane ne." Ko almajiri ba ya kawo karatu bai ambaci malaminsa ba. Izini, hidima, da ambaton suna. Wannan nake nema daga na'ura da masu amfani da ita, ba wani sabon abu daga sama ba. Masu sa murya da motsi a wasannin bidiyo a Amurka sun shiga yajin aiki a watan Yulin 2024 a kan irin wannan magana: kada a kwafi muryar mutum a riƙa sarrafa ta ba da saninsa ba, ba kuma tare da biya ba. Mawaƙanmu da masu kiɗan gargajiya su buɗe ido, domin abin yana tafe.

Akwai kuma wani ɓangare da ke ba ni takaici. Ƙanena ya rubuta wa manhajar ta zana dattawan Hausawa suna dara. Abin da ta kawo wasu mutane ne da rawani irin na wata ƙasa, a gaban allon katako, babu gurbi, babu kara. Ba ta san mu ba. Wato inda muke so a san mu, babu mu, inda kuma aikinmu ya shiga, ta bayan katanga ya shiga. Idan yaranmu da suka karanta kwamfuta a Kazaure da Wudil ba su tashi sun tattara kayanmu da hannunsu ba, wasu ne za su yi mana, a kan sharaɗinsu.

Mutane da yawa ba su san cewa dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba kayan al'adun gargajiya kariya ba, har da zane-zane da sana'o'in hannu, kuma akwai hukumar da ke kula da hakan. Amma doka tana Abuja, Yaya tana tabarma. Wa zai haɗa su in ba mu da muka yi boko ba?

Ɗan kasuwar nan zai dawo sari ƙarshen wata. Na riga na gaya wa Yaya cewa zan zauna a zaure idan ya zo. Ba rigima zan yi ba, zan ce masa, "Alhaji, in kana son zanen, mu yi ciniki a kan zanen kamar yadda ake yi a kan hular, kuma a faɗi mai shi." Ni da ƙanena kuma mun sayi littafi mai shafi 80, tun ranar Asabar muke zama kusa da Baffa muna rubuta yadda kowane wasa ya gudana, gurbi bayan gurbi, da sunan wanda ya ajiye kowane kara. Sai da muka tambaye su kafin mu fara. Mutum biyu sun ce kada a sa nasu, ba mu sa ba.