A karanta aisi kafin a ɗora masa wuta

Na taɓa rubutu a kan motar ƙanena, Golf 4, wadda ta kwanta bayan da wani rewaya ya lalata mata aisi, wato ɗan guntun lantarkin da ke ajiye bayanai a ƙwaƙwalwar mota. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan tana ajiye a garejin, kuma hukuncina bai canza ba: duk rewayan da zai cire aisin ajiya daga ƙwaƙwalwar mota ba tare da ya fara karanta abin da ke cikinsa ya adana ba, ganganci yake yi da dukiyar mutane.

Ruwa ne ya shiga biren-bos ɗin, wato ƙwaƙwalwar injin motar, muka sayo wani na Beljiyam mai lamba iri ɗaya. Shawarar ɗauke aisin tsohon a mayar a kan sabon ba laifi ba ce, domin a cikinsa ne bayanan da ke sa mota ta gane makullinta suke. Tun 1998 ƙasashe irin su Jamus da Ingila suka wajabta wa sababbin motoci wannan tsari na hana sata, kuma mu motocinsu muke saye. A irin wannan Golf, sai makulli da agogon dashbod da ƙwaƙwalwar inji sun yarda da juna kafin inji ya ci gaba da aiki. In ba haka ba, zai tashi ya mutu nan take. Aisin da ke riƙe da wannan amana a ƙwaƙwalwar kamfanin Bosch samfurin ME7 shi ne mai lamba 95040, ɗan mitsitsi mai ƙafa takwas wanda bai wuce ƙwayar wake ba, kuma duk abin da yake ɗauka bayit 512 ne.

Ina tsaye a kan rewayan lokacin da ya kama aisin da hantsaki, ya dinga dangwala masa ƙarfen dalma har allon da aisin ke manne a kai ya fara sauya launi. Na ce masa, “Malam, ba za a fara kwafe shi ba?” Ya ce in kwantar da hankalina, ya saba. Ƙafa ɗaya ta karye wajen cirewa. Wajen mayarwa kuma bai kula da ɗan ɗigon da ke nuna ƙafar farko ba, ya juya shi, aka haɗa batir. Daga nan babu na'urar da ta sake iya karanta shi.

Wasu sun ce mini na'urar karatun tana da tsada. Ban karɓi wannan uzuri ba, domin ƴar na'urar da matsen da ake kama ƙafafun aisi da shi ba su kai kuɗin biren-bos ɗaya ba, aikin kuma na ƴan mintuna ne. Da an kwafe bayanan a kwamfuta, ko aisin ya ƙone sai a sayo fanko a zuba masa, mota ta tashi a ranar. Wasu kuma sun ce rewayan ya shekara ashirin yana sana'ar, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kuma ɗaure raƙumi a wannan sana'a shi ne kwafi.

Yanzu shawarar da ake ba mu ita ce a kashe tsarin hana satar gaba ɗaya. Ƙanena da wannan motar yake ciyar da iyalinsa, a ƙofar gida take kwana, kuma in aka yi haka duk wanda ya yanko makulli ya dace zai tafi da ita. Mun gwammace mu kai ta wurin mai na'urar da zai haɗa sabuwar ƙwaƙwalwar da dashbod, ko da za ta ci kuɗi.

Asalin matsalar ma daga wurin wankin mota ta faro, inda aka buɗe bonet aka sakar wa inji ruwa mai ƙarfi. Na ga soket ɗin biren-bos ɗin da idona, haƙoransa sun yi tsanwa saboda tsatsa.